Kofin ƙwallon raga na maza na Afirka: yadda Tunisiya da Masar suka mayar da shi gado

Daga 1967 zuwa 2023, sau 24 aka buga gasar ƙwallon raga ta maza ta ƙasashen Afirka. Tunisiya ta ɗauki kofin sau 11, Masar ta ɗauka sau 9. Huɗun da suka rage, Aljeriya da Kamaru suka raba, kowa biyu. Shi ke nan, lissafi ya ƙare. Nahiya mai ƙasashe sama da hamsin, amma huɗu kacal suka taɓa ɗaga wannan kofi, a cikin huɗun ma biyu ne masu gida, sauran biyun leƙowa suke yi su koma. Wanda ya saba da kofin Afirka na ƙwallon ƙafa, inda Zambiya ta ci a 2012 ba tare da kowa ya zata ba, zai ga abin banbaraƙwai.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce tsayi, wai mutanen arewacin Afirka sun fi mu tsawo, ga shi ragar maza tsayinta mita 2.43 ne. Wannan amsa ba ta kai ko'ina. In dai dogaye ake nema, Senegal da Sudan ta Kudu ba sa buƙatar aro. A ƙwallon kwando, inda tsayi ya fi nan amfani, Angola da Senegal da Najeriya duk sun ci kofin nahiyar, Sudan ta Kudu kuwa har gasar Olamfik ta Paris ta je a 2024. Dalilin yana wani wuri dabam. Yana cikin yadda ake gina ɗan wasan ƙwallon raga, da inda ake gina shi, da kuma yadda tsarin gasar kansa ke ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Tun farko ba a tashi tare ba. Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya ƙirƙiro wasan a garin Holyoke na Amurka a 1895. Da aka kafa hukumar wasan ta duniya, FIVB, a Paris a 1947, ƙasashe 14 ne suka kafa ta, kuma Masar na cikinsu, ita kaɗai daga Afirka. A wannan shekarar yawancin ƙasashen nahiyar suna hannun Turawan mulkin mallaka, ba su da tuta balle hukumar wasanni tasu. Tunisiya ta samu 'yanci a 1956, ta kuma ɗauki wasanni a matsayin wani ɓangare na gina ƙasa. A 1967 ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Bahar Rum, saboda su ta gina unguwar wasanni ta El Menzah a Tunis, har da babban rufaffen ɗakin wasa wanda har yau ake amfani da shi. A wannan shekara ce kuma aka buga gasar ƙwallon raga ta Afirka ta farko, a Tunis ɗin dai, mai masaukin baƙi ta ɗauki kofin. Gasar ta ma girmi hukumar da ke shirya ta, domin sai a 1972 aka kafa hukumar ƙwallon raga ta Afirka, CAVB, ita ce auta a cikin hukumomin nahiyoyi biyar.

Shekarun farko ba su da tsayayyen lokaci. An buga a 1967, sai 1971, sai 1976, 1979, 1983, 1987, wato duk sanda aka samu mai ɗaukar nauyi. Daga 1987 ne ta zauna duk bayan shekara biyu. Gasa shidan nan na farko Tunisiya da Masar ne suka cinye su, huɗu da biyu, kuma tun a lokacin hamayyarsu ta nuna wata ɗabi'a da ba ta bar ta ba har yau: ba ruwanta da waye mai gida. A 1971 Tunisiya ta je Alƙahira ta ɗauko kofin. A 1976 Masar ta rama a Tunis. Sau tara Masar ta karɓi baƙuncin gasar, sau huɗu kawai kofin ya kwana a gida, a 1983 da 2005 da 2015 da 2023. Sauran biyar ɗin, Tunisiya ta tafi da huɗu, Aljeriya ɗaya. Ita ma Masar ta je Sousse a 2013 ta yi wa Tunisiya haka a gaban mutanenta. Don haka mai cewa sun mamaye gasar ne saboda a ƙasashensu ake yawan yin ta, bai faɗi gaskiya duka ba.

Amma bai yi ƙarya duka ba. A cikin gasa 24, sau 19 a arewacin Afirka aka yi: Masar tara, Tunisiya shida, Maroko biyu, Libiya da Aljeriya ɗai-ɗai. Sau biyar kacal gasar ta tsallako Sahara, zuwa Abijan a 1989, Legas a 1997, Fatakwal a 2001, Durban a 2007, sai Kigali a 2021. Kofuna biyun da Kamaru ke da su kuwa, a cikin waɗannan biyar ɗin ta same su, na farko a Abijan, na biyu a Fatakwal. A gasar Fatakwal ɗin ce Najeriya ta zo ta biyu, Afirka ta Kudu ta uku, kuma wannan lambar azurfa ita ce mafi girman abin da 'yan wasan Najeriya maza suka taɓa samu a gasar. Wurin da ake yin gasa yana yanke wanda zai iya zuwa tun kafin a buga ƙwallo ɗaya. Tawagar ƙwallon raga 'yan wasa 12 ne zuwa 14, ga koci da mataimakansa da likita. Kuɗin jirginsu daga Yamai ko Accra zuwa Alƙahira ko Tanja, da masauki na kwana goma ko fiye, yakan fi ƙarfin hukumar da ba ta da mai ɗaukar nauyi sai ma'aikatar wasanni, ita kuwa ma'aikatar hankalinta na kan ƙwallon ƙafa.

Tsakanin 1989 da 1993 ne kaɗai manyan biyun suka yi gasa uku a jere ba su taɓa kofin ba. Bayan Kamaru, Aljeriya ta fito da zaratan 'yan wasa, ta ci a Alƙahira a 1991, ta sake ci a gida a 1993, tsakanin nan kuma ta wakilci Afirka a Olamfik ta Barcelona a 1992. Daga nan ba ta sake ɗauka ba, ko da yake ta kai wasan ƙarshe a 2009 da 2023. Tunisiya ta dawo ta ci uku a jere, 1995, 1997, 1999, ta ƙara da 2003. Sai Masar ta karɓe ragama: 2005, 2007, 2009, 2011, 2013, 2015, kofi shida ba tsallake. Wannan shi ne zamanin Ahmed Salah, bahagon ɗan wasan nan mai dukan ƙwallo daga gefen dama, da Abdallah Abdelsalam mai raba masa ita. Tunisiya ce ta katse musu hanzari a 2017, a Alƙahira, ta ƙara da 2019 da 2021 a ƙarƙashin kocinta ɗan Italiya, Antonio Giacobbe, a duka biyun na baya ta doke Kamaru ne a wasan ƙarshe. A 2023 Masar ta karɓi abinta.

Don a gane dalilin da ya sa abin ya zama haka, sai an matso kusa da raga an ga yadda ake cin maki ɗaya. Ƙungiya taɓawa uku take da ita kafin ta mayar da ƙwallo. Ta farko ita ce tarar ƙwallon da abokin hamayya ya bugo daga layin baya, wadda a hannun manyan 'yan wasa takan zo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Mai tara zai haɗe hannayensa biyu ya tura ta daidai saman kan mai rabo, wanda ke tsaye dab da raga. Kafin ƙwallon ta sauka a yatsun mai rabo, ɗan wasan tsakiya ya riga ya yi tsalle, hannunsa a ɗage, yana jiran ƙwallon da ba a ba shi ba tukuna. In mai rabo ya makara da ƙiftawar ido, ko ya ɗaga ta fiye da inda suka saba da faɗin tafin hannu, sai mai duka ya daki iska. A ɗaya gefen kuma masu tarewa biyu ko uku dole su tashi lokaci guda, hannayensu a manne, don ƙaramar ɓaraka tsakaninsu ita ce hanyar da ƙwallo za ta bi. A ƙwallon ƙafa gwani ɗaya yana iya yanke mutum uku ya ci, ya rufa wa ƙungiya asiri. A nan ba wanda aka yarda ya riƙe ƙwallo, ba wanda zai taɓa ta sau biyu a jere sai mai tarewa, saboda haka gwanintar mutum tana hannun wanda ya taɓa kafin shi. Irin wannan sabo ba a samun sa a sansanin mako biyu da ake kira ana gobe tafiya.

A kulob ake samun sa, kuma nan ne tazarar take. Sunayen da muka sani a ƙwallon ƙafa, Al Ahly da aka kafa a 1907, Zamalek a 1911, Espérance ta Tunis a 1919, Club Africain, Étoile du Sahel, CS Sfaxien, duk ƙungiyoyi ne na wasanni da yawa. Kowace tana da sashen ƙwallon raga, da ɗakin atisaye, da rukunin yara daki-daki har zuwa manya, kuma magoya bayan da ke cika filin ƙwallon ƙafa su ne ke cika ɗakin in Ahly da Zamalek sun haɗu. Yaro zai shiga yana ɗan shekara goma, kafin ya kai ashirin ya buga ɗaruruwan wasannin gasa. In aka kira tawagar ƙasa, rabinta daga kulob biyu ko uku ta fito, mai rabo ya san mai dukansa tun suna samari. A Tunisiya abin ya wuce manyan birane. Garin Kelibia na bakin teku an san shi da ƙwallon raga, kuma a 2023 kulob ɗin ƙaramin garin Bousalem ne ya ci kofin kulob-kulob na Afirka. Wannan kofi, wanda aka fara a 1980, shi ma kusan kullum tsakanin Masar da Tunisiya yake yawo, Al Ahly ce ta fi kowa cin sa.

Kudu da Sahara kuwa, in ka duba sunayen manyan ƙungiyoyi sai ka ga na masu kaki ne da hukumomin gwamnati. A Kamaru akwai FAP ta sojoji da 'yan sanda da ƙungiyar tashar jiragen ruwa ta Duala. A Kenya akwai ta gandurobobi da ta rundunar 'yan sanda ta GSU. A Ruwanda akwai APR ta soja. A Najeriya akwai ta Kwastam da ta Sibil Difens, sai irin su Kano Pillars da gwamnatin jiha ke riƙe da ita. A yi musu adalci, ba don su ba da wasan ya daɗe da mutuwa a wurare da yawa, domin su ke ba ɗan wasa aikin yi da albashi. Sai dai ƙungiyar da ke rayuwa a kan kasafin kuɗin ma'aikata tana tashi ne ko ta kwanta gwargwadon sha'awar wanda ke kan kujera, kuma da wuya ta riƙe rukunin yara. Manya take ɗauka, waɗanda suka riga suka koya a wani wuri.

Wannan wani wurin kuwa galibi filin siminti ne a makarantar sakandare ko bariki ko harabar filin wasa na jiha. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon atisaye a irin wannan fili da la'asar ya san yadda abin yake. Ƙwallo za ta nufi ƙasa taku biyu daga inda yaro yake, ya miƙa ƙafa ko ya bar ta ta faɗi, don ya san in ya yi sufa da ƙirji, fatar gwiwa da haɓa ne za su biya. Iska tana karkatar da ƙwallo, rana tana shiga ido, hadari ya taso a tattara raga. Takwaransa na birnin Sfax a Tunisiya yana kan shimfiɗaɗɗen daɓe mai laushi, yana koyon faɗuwa sau hamsin a yini ba tare da ya ƙuje ba. Shi ya sa in ƙungiyoyinmu suka haɗu da na arewa, a wajen tsalle da ƙarfin duka ba a ganin bambanci sosai, wani lokacin ma namu sun fi. A tara da ceto da rabo ake cinye su, wato a ɓangarorin da ɗan kallo bai cika tafa wa ba.

Kamaru ta samo wata hanya, ita ce tura 'yan wasanta Turai, musamman Faransa. Jean-Patrice Ndaki Mboulet da Nathan Wounembaina suna cikin waɗanda suka yi suna a waje, suka dawo suka ɗaga tawagar ƙasar. Da haka ta je gasar duniya a 2010, 2014, 2018 da 2022, bayan zuwanta na farko a 1990, ta kuma ci zinare a wasannin Afirka na Maputo a 2011 da na Rabat a 2019. Hanya ce mai kyau amma tana da iyaka. 'Yan wasa shida daga kulob shida, a ƙasashe uku ko huɗu, suna haɗuwa da ƙwarewa amma ba da sabo ba. A ganina wannan na cikin abin da ya sa Kamaru ke yawan kaiwa wasan ƙarshe ta tsaya a nan, kamar yadda ya faru a 2011 da 2019 da 2021. Na 2019 a Tunis sai da aka kai turmi na biyar, wato na ƙarshe.

Sai kuma ladan cin kofin, wanda shi ne ke rufe ƙofa a bayan wanda ya riga ya shiga. Shekaru da yawa zakaran Afirka ne ke zuwa gasar World Cup, wadda daban take da gasar duniya, da aka riƙa yi a Japan duk shekara huɗu, inda zai buga wasa 11 da manyan ƙasashen duniya cikin mako biyu. Ko duka aka cinye shi, ya ga irin gudun da ake yi a can. Daga 2006 Masar ta shiga World League, gasar shekara-shekara ta manyan ƙasashe, tana karawa da manyan Turai gida da waje, kuma a daidai wannan tsakanin ne ta jera kofunanta shida. Ƙara da wasannin Bahar Rum da gasar ƙasashen Larabawa, da kusancin da ke sa tawagar Tunisiya ta tsallaka Italiya ta yi atisaye cikin tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ya zo na biyar a Afirka kuwa sai ya koma gida ya jira shekara biyu, wataƙila ba tare da ya buga wasan ƙasa da ƙasa ko ɗaya ba. Jerin waɗanda suka wakilci nahiyar a Olamfik ya isa shaida. Tunisiya ta je a 1972, 1984, 1988, 1996, 2004, 2012 da Tokyo 2020. Masar ta je a 1976, inda ta janye bayan wasa ɗaya saboda ƙaurace wa gasar Montreal da ƙasashen Afirka suka yi kan batun wariyar launin fata, sannan 1984, 2000, 2008, 2016 da 2024. Libiya ta je Mosko a 1980, Aljeriya a 1992. Babu tawagar maza ko ɗaya daga kudu da Sahara.

Su ma masu gidan, in suka fita waje, inuwar giginya suke komawa ga abokan rukuninsu, kowa ya zo ya kwashi maki. Nasarar da Masar ta samu a kan Kiyuba a Rio a 2016 har yau ana ambatonta saboda ƙarancin irinta, a Paris a 2024 kuwa duka wasanninta uku aka cinye ta. Tun da aka maye gurbin World League da gasar Nations League a 2018 har zuwa 2025, babu tawagar maza ta Afirka da ta buga ta. Mamayar ƙasa ɗaya ko biyu a gasar yanki ba a kanmu aka fara ba. A Kudancin Amurka, Birazil ta ci duk gasar da ta shiga tun daga 1951, sai a 2023 Ajantina ta doke ta. Bambancin shi ne Birazil tana barin yankinta ta ci Olamfik.

Akwai alamun cewa ƙasa ta fara motsi, ko da kaɗan ne. Sauye-sauyen dokokin ƙarshen shekarun 1990 sun taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi. A da sai mai bugun farko ne ke iya cin maki, ana tsayawa a 15, sai ka ga an gama turmi ƙaramar ƙungiya tana da maki biyu ko uku. Yanzu kowace ƙwallo maki ce, ana zuwa 25, turmi na biyar kuma 15, don haka kuskure uku a jere yana iya kayar da babba. An kuma shigo da libero, mai riga daban wanda aikinsa tara da ceto kawai, abin da ya buɗe wa gajeru ƙofa. A Kigali a 2021 ƙasashe 16 aka jera a rukunoni, har da Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma a can ne Kenya ta doke Masar da ci 3-2 a wasan rukuni. Amma Kenya ba ta fita daga rukunin ba, Masar kuwa ta farfaɗo ta tafi da tagulla. Cin babba sau ɗaya ya zama mai yiwuwa. Jure wasa shida cikin mako guda shi ne har yanzu sai mai zurfin benci.

A 2023 abin ya fi haka girgiza. Tunisiya, mai riƙe da kofi sau uku a jere, ko wasan kusa da na ƙarshe ba ta kai ba. Libiya, wadda aka daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, ta zo ta uku a gaban Kamaru. Ita ma ba daga sama ta faɗo ba, kulob-kulob ɗinta ne suka zuba kuɗi suka ɗauko ƙwararru daga waje, har Al Swehly ta Misrata ta ci kofin kulob-kulob na Afirka a 2025. Wannan matsayi na uku ya zo a kan gaɓa, domin FIVB ta faɗaɗa gasar duniya zuwa ƙasashe 32, ta ba kowace nahiya kujera uku. Masar da Aljeriya da Libiya suka tafi Filifins a 2025 ta wannan hanya, Tunisiya ta bi su ta jadawalin matsayi na duniya, ita ce ma ta fi su taɓukawa, ta tsallake rukuni zuwa zagayen 'yan 16. Duka huɗun dai daga arewa.

Sabon jadawalin FIVB ya mayar da gasar duniya duk shekara biyu, ya kuma ɗauke gasannin nahiyoyi daga 2025 zuwa 2026, inda zakaran kowace nahiya zai samu tikitin Olamfik ta Los Angeles ta 2028 kai tsaye. Wannan tikiti, in aka bi tarihi, rigimar Tunis da Alƙahira ce. Kujera ta uku ta zuwa gasar duniya ita ce abin da ƙasa irin Najeriya za ta iya sa wa ido da gaske, kuma tana da abin farawa, tunda matasanta 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Tehran a 2021. Abin dubawa shi ne wasa nawa waɗannan yaran suka buga tare tun daga lokacin, kuma a kan wane irin daɓe.